Atishawa

Garejinmu yana bayan kasuwar dare a Ipoh,
jikin shagon mai taliya da kofi.
Rufin kwano ne, in ana ruwa sai da ɗaga murya.
Nan babana Murugesu ya shekara talatin da huɗu
yana kasa kunne ga injunan mutane.

Ran Asabar wani yaro ya zo, Wei Lun,
da jar motar da ya ci bashi ya saya.
Ya dire kwali a kan benci:
"Kawu, ɗaura min wannan.
In na sauya giya a gaban mai shayi
ina so ta yi atishawa, 'yan mata su waiwayo."

Baba ya jujjuya bawul ɗin a tafin hannu
kamar mai tantamar nunar gwanda.
Ya danna sifirin da babban yatsa.
"Suganthi, miƙo sifana lamba goma."
Sannan ya yi magana, ba don yaron ba, don ni:

"Turbo bai san an tsaya ba.
Kin taka totur, hayaƙi ya kori farfela,
farfela ta dunƙule iska ta ɗura wa inji.
Kin ɗaga ƙafa, ƙofa ta rufe ruf,
ita kuwa farfela tana nan tana gudu.
Iska ta iso ta tarar an kulle.
Ina za ta?
Sai ta juyo ta mari wanda ya aiko ta.
Wannan fur-fur-fur da kike ji,
kamar kurciya ta maƙale a tiyo,
ba ado ba ne, ƙarfe ne yake shan duka.

"Bawul ƙofar baya ce kawai.
Akwai mai watsar da iskar a sarari, fsss, kowa ya ji.
Akwai mai mayar da ita ciki shiru,
ta zagaya ta sake shiga layi."

Motar Wei Lun tun a bakin ƙofa take ƙirga iska,
ta auno mai daidai da ƙirgarta.
Ka zubar da iskar a titi,
man ya iso ba abokin ƙonewa.
Baba ya faɗa masa. Ya ce ya ji.
Aka ɗaura.

Kwana tara ya dawo, salansa baƙi ƙirin,
sau biyu ta mutu masa a danja.
'Yan matan sun waiwayo kuwa,
lokacin da yake turi.
Baba bai yi dariya ba sai da yaron ya fita.

Shi Baba irin na biyun ne.
Shekarar da Amma ta rasu,
kwana uku da ƙona gawa ya ɗaga ƙofar gareji,
ya tambaye ni ina na ajiye jek.
Komai ciki yake mayarwa,
ya zagaya, ya dawo, ba wanda ya ji.
Ga mota wannan ne daidai, na sani, na ɗaura ɗaruruwa.
Ga mutum ban sani ba.
Likita dai ya nuna min hoton kansa a allo,
ya sa biro a kan jijiya guda.

Yanzu yana kujerar roba a bakin ƙofa,
hannun dama yana barci a cinyarsa,
sifana tana hannuna.
In wata ta wuce ta nufi Tambun tana fur-fur,
sai ya murza yatsan hagu a iska:
sifirin ya yi tauri, a sassauta.
Bai taɓa kuskure ba.

Jiya da dare, ruwa ya ɗauke,
wata ta sauya giya daidai ƙofarmu, fsss.
Wani sauti ya fito masa daga maƙogwaro,
da fari na ɗauka dariya ce.
Ya daɗe yana yi.
Ban ɗago ba.
Na ci gaba da ɗaure notin da tuni ya ɗauru.